Wasan bidiyon da aka riga aka buɗe: ya dace shago ya sayar da shi a matsayin sabo?

Masu sayen wasannin bidiyo na faifai ko na kati sun daɗe suna wannan ƙorafin: mutum ya biya kuɗin sabo, sai a miƙo masa wasan da babu ledar kamfani a jikinsa. Masu shaguna na da tasu hujjar, kuma wani ɓangarenta abin saurare ne. Ga tambayoyin da suka fi tasowa.

Ta yaya wasan da aka buɗe ke zama "sabo" a shago?

Wasa kan baro kamfani a cikin gidansa na roba, an naɗe shi da leda an liƙe. Idan shago ya karɓi, a ce, kwafi goma, sai ya ɗauki ɗaya ya yage ledar, ya zare faifan ya saka a 'yar ambulan, ya jefa a aljihun teburin biya. Gidan da ya zama fanko shi ake jerawa a kanta domin mai saye ya ɗauka ya juya, ya karanta bayanin da ke baya. Sauran taran suna ajiye a rufe.

Muddin akwai rufaffun, babu mai jin komai. Rigimar na tashi ne a kan na ƙarshe. Mai saye ya kawo fankon gidan, ma'aikaci ya lalubo faifan a aljihun tebur ya danna shi ciki, ya manna wata 'yar takardar shago a bakin gidan, ya karɓi cikakken kuɗi. Gidan nan kuwa ya yi makonni a kanta, hannaye da dama sun taɓa shi, ga tabon takardun farashi da aka manna aka ɓamɓare. Kamfanin GameStop na Amurka, mai hedikwata a Grapevine ta jihar Texas, shi aka fi sani da wannan tsari, amma ba shi kaɗai ke yi ba.

Me ya sa suke buɗewa tun farko?

Sata. Wasa ƙaramin abu ne mai tsada, yana shiga aljihun riga, kuma sayar da shi a wani wuri ba wuya. Sabon babban wasa a Amurka ya yi shekaru a kan dala 60, daga 2020 kuma da yawa suka koma dala 70. Ɓarawo ba zai wahalar da kansa a kan fankon gida ba.

Wannan dalili ne na gaskiya. Sai dai hanyoyin tsare kaya suna da yawa: kabad ɗin gilashi mai makulli, akwatin roba da ake buɗewa a wurin biya, ko gidan gwaji mai ɗauke da hoton bangon wasan kawai. Duka suna buƙatar kuɗi ko wuri, yage ledar kwafi ɗaya kuwa kyauta ne ga shago. Wato shagon ya zaɓi hanya mafi arha gare shi, ya bar wa mai sayen ƙarshe asarar.

Idan ba a taɓa kunna faifan ba, ina matsalar? Ai wasan bai canza ba.

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu shaguna ke da ita, kuma a nan ne na fi saɓa musu. Gaskiya ne abin da ke cikin faifan bai ragu ba. Amma a gwada juya cinikin. Ka sayi wasa a rufe, ka je gida ka yage ledar, ba ka ko saka shi a na'ura ba, ka dawo bayan awa guda ka ce ka fasa. Yawancin shaguna ba za su mayar maka da kuɗinka ba. Iyaka su canza maka da irinsa idan faifan na da lahani, ko su saye shi daga hannunka a farashin na hannu, wanda bai kai abin da ka biya ba ko kusa. Idan ka rantse ba ka kunna ba, za a ce maka ba su da hanyar tabbatarwa, ledar ita ce shaida.

To, in dai leda ce shaida lokacin da kai ke kawo kaya, me ya sa ta daina zama shaida lokacin da su ke miƙo maka? Wannan saye da babban mudu ne, sayarwa da ƙarami. Shagon da kansa ya kafa ƙa'idar cewa buɗewa na rage daraja, kuma yana aiki da ita kullum a kan abokan cinikinsa. Ba zai yiwu ya keɓe kansa daga cikinta ba.

Sannan mai saye ma ba shi da hanyar tabbatarwa. A 2009 shafin labaran wasanni na Kotaku ya ruwaito cewa GameStop na barin ma'aikatansa su ari wasanni su tafi da su gida na 'yan kwanaki, kuma idan aka dawo da su ana iya haɗa su da buɗaɗɗun kwafin da ake sayarwa a matsayin sabbi. Barin ma'aikaci ya san kayan da yake sayarwa ba laifi ba ne, yana ma taimakon mai neman shawara. Amma faifan da ya kwana a na'urar wani na hannu ne, ko wane ne mai na'urar. Da zarar an cire leda, mai saye ba ya iya bambanta wanda ya kwana a aljihun tebur da wanda ya kwana a ɗakin wani.

Akwai kuma waɗanda ledar kanta suke saye. Mai sayen kyauta ba ya so wanda ya ba wa ya ɗauka kwance aka kawo masa. Masu tara tsofaffin wasanni kuwa sun kai abin wani mataki: a watan Yulin 2021 an sayar da kwafin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56 a gwanjon Heritage Auctions, alhali buɗaɗɗen kwafinsa ana samu a kuɗi kaɗan. Ba kowane wasa zai yi irin wannan tsada ba, amma kasuwa ta nuna a fili cewa rufaffe da buɗaɗɗe ba kaya ɗaya ba ne.

Ban da leda, akwai abin da mai saye ke iya rasawa?

Akwai, kuma shi ya fi ciwo. Gidan wasa kan zo da 'yar takarda mai lambar sirri da ake shigarwa sau ɗaya tak a sauke ƙarin abubuwa: sabon mataki, makami, kayan ɗan wasa, wani lokaci ma babban yanki na wasan. Duk wanda ya ga lambar ya riga ka shigarwa, ta mutu. Ba sai ya ɗauke takardar ba, hoto ɗaya da waya ya isa. Daga 2010 zuwa 2013 kamfanin Electronic Arts ya ɗora damar yin wasa da wasu ta intanet a kan irin wannan lamba, wanda ya sayi na hannu sai ya ƙara dala 10 kafin ya samu. A wancan lokacin, buɗaɗɗen gida na iya nufin an sayar maka da rabin wasa.

A 2012 GameStop ya sasanta wata ƙara da masu saye suka shigar a California, inda ya amince ya riƙa sanya gargaɗi cewa ƙarin abubuwan da aka tallata a bangon wasannin hannu na iya buƙatar wani biyan daban.

Abin da ya fi fito da haɗarin fili ya faru a watan Agustan 2011. Kamfanin Square Enix ya fitar da wasan Deus Ex: Human Revolution, kuma kwafin kwamfuta na ɗauke da takardar da ke ba mai saye damar yin wasan kyauta a OnLive, wani kamfani da ke watsa wasanni ta intanet a lokacin. GameStop, wanda ke shirin irin wannan sana'ar, ya umarci ma'aikatansa su buɗe kwalayen su cire takardun, aka ci gaba da sayarwa a matsayin sabbi. GameStop ya ce an saka tallar abokin hamayyarsa ba da saninsa ba. Da maganar ta fasu, ya janye kwafin daga kantuna, ya nemi afuwa, ya ba waɗanda abin ya shafa katin sayayya na dala 50. Ko da ƙorafinsa a kan Square Enix na da tushe, ai da Square Enix ya kamata ya yi rigimar. Abin da ya yi shi ne zare wani abu daga kayan da mutane suka biya, ba tare da ya gaya musu ba.

Doka ta ce wani abu a kai?

Sayar da wasan hannu dai halal ne a doka a ƙasashe da yawa. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1908 a shari'ar Bobbs-Merrill da Straus aka kafa cewa wanda ya sayi kwafin abu na da ikon sake sayar da shi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ta tabbatar da hakan. Abin da dokoki ke hanawa shi ne ƙarya a kan yanayin kayan. Dokar kare masu saye ta California ta 1970 ta haramta gabatar da kaya a matsayin sabbi idan an yi amfani da su, ko an sauya su, ko na hannu ne. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta wajabta kaya su dace da yadda aka siffanta su.

Inda shaguna ke samun mafaka shi ne kwafin da aka buɗe amma ba a kunna ba, domin suna iya cewa ba a yi amfani da shi ba. Amma ko a nan akwai abin lura. A Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet na da kwana 14 ya fasa, sai dai wannan dama na faɗuwa a kan manhaja ko faifan da ya zo a liƙe idan mai saye ya ɓalle liƙin. Doka da kanta ta ɗauki liƙin da muhimmanci har yana iya soke haƙƙin mai saye.

Idan kuma wasan hannu ne aka sake naɗe shi da leda?

Wannan ha'inci ne tsantsa, babu wata muhawara. Wanda ya sayi injin leda ya naɗe kayan da aka dawo da su, ya san sarai abin da yake so mai saye ya zata.

Me shago ke ci a wannan ruɗanin?

Riba a kan sabon wasa ba ta da kauri, domin kamfanin da ya yi wasan ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Na hannu kuwa shago ya saya da arha, ya sayar ƙasa da sabo kaɗan, kuma babu ko sisi da ke komawa ga masu wasan. Rahotannin kuɗi na GameStop sun yi shekaru suna nuna ribar da ta kusa rabin kuɗin sayarwa a kan kayan hannu, a kan sabbin wasanni kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Duk lokacin da iyakar da ke tsakanin sabo da na hannu ta dushe, shagon ne ke amfana. A kan kwafin da aka buɗe don jerawa a kanta kuwa lissafin mai sauƙi ne: rage dala biyar a kowane wasa, a dubban rassa, kuɗi ne mai yawa, kuma akasarin masu saye ba sa son tsayawa jayayya alhali layi na bayansu.

Ma'aikacin da ke bayan tebur ba shi ya tsara wannan ba. Umarni aka ba shi, kuma sau da yawa shi ma ba ya jin daɗin miƙa kayan.

To me ya kamata shaguna su yi?

Su sayar, amma da sunansa na gaskiya. A samar da rukuni na uku tsakanin sabo da na hannu, a rubuta "kwafin kanta, an buɗe" a jiki, a yi masa ragi ko da kaɗan ne. Shagunan kayan lantarki sun daɗe suna yi wa talabijin da kwamfutocin da aka baje don kallo haka, kuma mutane na rububinsu. A gaya wa mai saye kafin ya ciro kuɗi. A rubuta a rasit cewa shago ne ya buɗe, domin kada gobe a hana shi mayarwa da hujjar cewa babu leda. Idan lambar ciki ta mutu, shago ya ɗauki nauyi. Wanda ma'aikaci ya ara kuwa ya tafi kai tsaye sashen na hannu.

Da yake yanzu sauke wasa ake yi ta intanet, maganar ba ta wuce ba?

Ta ragu, ba ta wuce ba. Tun 2020 akwai na'urar wasa ta PlayStation 5 marar wurin faifai, haka ma Xbox Series S. Amma masu sayen faifai ko kati yanzu su ne waɗanda suka damu da mallakar abin: masu ajiya, masu kyauta, masu son su sayar in sun gama. Su ne kuwa buɗaɗɗen gida ya fi shafa. Kuma sayayya ta intanet ta ƙara faɗaɗa cinikin biri a sama, sai kaya sun iso ka ga yanayinsu.

Ta yaya mai saye zai gane?

A fara da leda. Ta kamfani yawanci kauri gare ta da sheƙi, a manne tsam, kuma an ninke ta a sama da ƙasa kamar naɗin kwalin sabulu, kusurwoyin sun haɗu daidai. Ta shago ta fi laushi, tana da layin ƙuna inda injin ya haɗe ta, wani lokaci da 'yan ramuka ko tattara a kusurwa. Wasu wasannin na zuwa da siririn zare mai tambarin kamfani a jikin ledar, ko takardar liƙi a bakin gidan, amma wannan ya danganta da na'ura da yankin da aka yi wa kwafin, don haka rashinsa kaɗai ba hujja ba ce.

Idan an riga an buɗe, a karkata faifan ga haske a duba zane-zane da sawun yatsa, musamman kusa da ramin tsakiya. A kati, a duba ƙarafunan ƙasa, domin shiga da fita a na'ura na barin siraran layuka. Katunan na'urorin Nintendo DS da 3DS na ajiye ci gaban mai wasa a jikinsu, saboda haka idan ka kunna ka tarar da sunan wani, magana ta ƙare. Na Nintendo Switch kuwa a na'ura suke ajiyewa, wannan gwajin ba ya aiki a kansu.

Kafin ka biya, tambayi ko akwai rufaffe. Idan babu, ka nemi ragi, ka buɗe gidan a gaban ma'aikacin ka duba takardar lamba na nan, ka sa a rubuta a rasit cewa a buɗe ka karɓa. Idan an ƙi, wani shagon na da rufaffe a kuɗi ɗaya.