"Dubi ƙanwarki": maganar da ta karya Hinata ta labarin Naruto ita nake ji kullum a wajen aiki

Iyaye don girman Allah ku daina auna yaro da ɗan'uwansa a kan idonsa. Wallahi na gaji da abin nan. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin unguwa, kuma yanzu da wuya sati ya fita ba a kawo min yarinya 'yar sha uku sha huɗu ba, ko yaro ɗan sakandare, wai ciwon kai ya ƙi jin magani, ko ciwon ciki, ko ba ya bacci, ko a ce ta daina cin abinci duk ta rame. A yi gwajin maleriya babu, a yi na taifot babu, an sha farasitamol har an gaji, an je kemis an sha allurai, wasu ma har ruƙiyya an kai su. Toh sai ki juya ki tambayi yarinyar me yake damunki, kafin ta buɗe baki uwar ta cafe: "Ai wannan ba za ta yi miki magana ba malama, sokuwa ce, da ƙanwarta ce da tuni ta zayyana miki komai." A gabana fa. Ita kuma yarinyar tana zaune a bakin benci, ido a ƙasa, tana murza gefen hijabinta da yatsu biyu har ya nannaɗe ya zama igiya, in ta ɗago ma ba ni take kallo ba, fuskar uwar take leƙe ta ga ko an yarda ta yi magana.

Ba na cewa duk ciwon kai daga nan yake, shi ya sa muke fara yin gwaji. Amma in gwaji ya fita lafiya sau ɗaya sau biyu kuma na ji irin wannan magana daga bakin uwa, na riga na san inda zan duba.

Yaranmu suna kallon Naruto sosai, wani fim ɗin zane ne na Japan a kan mayaƙan ninja, ana tura musu a waya wajen masu tura fim, wasu kuma littafin zanen suke karantawa, manga kenan, wanda ake bi daga dama zuwa hagu. Ni ma ina bi, ba abin ɓoyewa ba ne. Masashi Kishimoto ne ya zana shi, ya fito a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan daga 1999 zuwa 2014, babi 700 cif, littafi 72. In kin ji samari na musu a kansa to a kan Naruto da Sasuke ne wa ya fi wa, ko Itachi, ko Madara. Hinata kuwa in an tuna ta sai a ce "au, matar Naruto", shikenan an wuce. Alhali ni a labarin nan kaf babu wanda ya yi kama da yaran da ake kawo min kamar ita, kuma marubucin bai bar mu muna canke ba, ya nuna mana wanda ya yi mata wannan ɓarna da kuma maganar da ya yi amfani da ita.

Hinata ita ce 'yar fari a gidan shugaban dangin Hyuga, dangi ne masu ji da kansu a garin Konoha saboda farin idonsu da ake kira Byakugan. Ita ya kamata ta gaji ubanta Hiashi. Sai ta taso mai sanyin hali, ba ta son ta ji wa kowa ciwo, shi kuma jaruma yake nema. Sai ya ɗauko ƙanwarta Hanabi, wadda Hinata ta girme wa da shekara biyar, ya mayar da ita ma'auni. Ranar da malama Kurenai ta zo karɓar Hinata a matsayin ɗalibarta, ta ja hankalinsa cewa aikin ninja fa akwai hatsari, ana iya mutuwa, amsar da ya ba ta ita ce ta yi yadda ta ga dama, gidan Hyuga ba ya buƙatar wadda ko ƙanwarta ta fi ta. Kuma maganar ta shiga kunnen yarinyar.

Ku sake karanta amsar nan. Bai mare ta ba, bai hana ta abinci ba, bai kore ta daga gida ba. In da za a tambaye shi zai ce me na yi mata, ai gaskiya na faɗa. Haka ku ma kuke ce min.

Daga nan duk wanda ya kalli Hinata ya san yadda take. Magana ƙasa-ƙasa har da in-ina, kai a sunkuye, tana haɗa kan yatsunta manuniya biyu tana dannawa, tana leƙen mutane daga nesa ba ta iya matsowa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba raguwa ba ce. Kurenai da kanta ta shaida yarinyar tana wahalar da jikinta wajen atisaye don ta canza, amma da an fita aiki na gaske sai ta rikice ta yi kuskure, sai ta ƙara karaya. Wannan shi ne daidai abin da iyaye suke kawo min a matsayin ƙara: "a gida in tana karatu ita kaɗai ta iya, da an shiga jarrabawa sai kanta ya toshe." Eh mana zai toshe. Yaron da aka saba ce masa ba zai iya ba, in ya zauna gaban takarda rabin hankalinsa yana kan tambayar, rabi yana kan abin da za a ce masa a gida in ya faɗi, da me zai amsa?

Sai kuma wajen jarrabawar Chunin, wato ta ƙarin matsayi ga ƙananan ninja, inda aka haɗa ta faɗa da Neji, ɗan ƙanin babanta. Tun kafin a fara ma abokin tafiyarta Kiba ya ba ta shawara in ta faɗo a kan Neji ta janye kawai. Neji bai fara da duka ba, da baki ya fara. Ya tsaya a gaban jama'a yana karanta ta, yadda idonta ke gudu, yadda take kai yatsa baki, ya ce mata ba ta dace da aikin ba, ita faɗaɗɗiya ce kuma faɗaɗɗe ba ya canzawa, har ya ce ba don kanta ta shigo jarrabawar ba sai don kar ta hana abokan tafiyarta biyu shiga. Yarinyar nan ta fara rawar jiki tun ba a taɓa ta ba. Ina Neji ya samo wannan hukuncin? A gida. Abin da babba ya faɗa ne yaro ya ɗauka ya ƙara masa gishiri. Ku lura a gidajenku, duk sunan da kika laƙaba wa yarinya, daƙiƙiya, sokuwa, baƙa mummuna, da shi ƙannenta za su riƙa kiranta, kuma su ba su san iyaka ba, har makaranta za su kai shi. Yaro mai fitsarin kwance a tara masa yaran gida ana yi masa waƙar amalala wai don ya daina, a ce ga ƙaninka ɗan shekara uku ya daina kai ƙato da kai. Ba ya sa a daina. Tsoro yake ƙarawa, yaron ya koma ɓoye tabarma da wando, mu kuma a makara ba a kawo mana shi mun duba ko akwai wata lalura ba.

Abin da ya tsayar da Hinata da ƙafarta ranar nan ihun Naruto ne daga wajen 'yan kallo, yaron da shi ma duk gari an raina shi, ya ce ta tashi ta yi. Ta tsaya ta yi faɗan, ana kayar da ita tana miƙewa, har jini take tofarwa. Ba ta ci ba, an fitar da ita ne rai a hannun Allah. Ina son wannan wajen don marubucin bai yi mana ƙarya ba, kalma ɗaya mai daɗi ba ta goge shekarun gori a yini guda. Kafin ta faɗi kuma ta gaya wa Neji cewa shi ne ya fi ta shan wahala a kan rabon gidan nan, ya harzuƙa ya yi kanta sai da malamai suka tare shi. Gaskiya ta faɗa masa. Shi ma gidan ne ya raba su babban reshe da ƙarami, ya ɗora masa tambari a goshi, ubansa ya mutu a madadin nata. Gidan da ake jera yara wannan sama wannan ƙasa, har wanda ake ganin ya yi zarra bai tsira ba.

Amma akwai abin da masu son Hinata ba sa so a faɗa, ni kuma shi ya fi tayar min da hankali. Duk ƙarfin gwiwarta a jikin mutum ɗaya ta rataye shi. Shekaru tana kallon Naruto daga nesa, a jarrabawar rubutu har tayi ta yi masa ya kwafi amsarta duk da hakan zai iya jawo mata kora, daga baya ta faɗa gaban Pain, wani babban abokin gaba, don ta kare Naruto tana sane ba za ta iya da shi ba. A labari abin ya yi kyau don Naruto yaron kirki ne, ƙarshe ma aure suka yi. 'Yarki fa? Yarinyar da ba ta taɓa jin "sannu, kin yi ƙoƙari" a gidansu ba, duk wanda ya fara ce mata tana da kyau tana da hankali, ko a cat ne, ko mai shago ne, ko wani ƙaton banza sa'an babanta, ta ba shi kanta gaba ɗaya, don a ganinta alfarma ya yi mata da ya kula ta. Namijin kuma majalisar da za a tafa masa zai nema, ko da ta 'yan ƙwaya ce. Ranar da abin ya fashe ku zo kuna kuka kuna cewa ba ku san inda ta koyo ba.

Na san amsarku, na ji ta har na haddace. "Mu ma haka aka yi mana kuma ga mu." "Ka ƙi naka duniya ta so shi." "Zaburar da ita nake yi." Haba Hajiya. Shekara nawa kina zaburarwar, ta zabura? Ba ki ga kullum baya take yi ba? Tarbiyya daban, kushe daban. Ki ce mata wankin nan bai fita ba sake shi, wannan gyara ne, aikin kika taɓa. Ki ce mata ke dai ba ki da amfani dubi ƙanwarki, wannan ita kanta kika soke, kuma ba ki nuna mata yadda za ta gyara komai ba. Ku kuma iyaye maza kar ku lafe, Hiashi uba ne. Ranar karɓar sakamako a kira na ɗaya a ba shi kuɗi a gaban kowa, a juyo kan na talatin a ce kai kuɗin makarantarka asara ne. In gidan mata biyu ne abin ya fi muni, a riƙa auna 'ya'yan wannan ɗaki da na wancan, gaba ta ƙullu tsakanin 'yan uba har tsufa. Manzon Allah (SAW) da mahaifin Nu'uman bin Bashir ya fifita shi da kyauta a kan sauran 'ya'yansa, cewa ya yi ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. In a kyauta ne haka, ina ga magana da take zama a zuciya.

Wani abin da yake ɓoye matsalar shi ne yabon da ake wa irin yaran nan, a ce ga kunya ga haƙuri, ba ruwanta. Mai kunya ta gaskiya in ta shiga cikin ƙawayenta tana dariya tana hira, in aka cuce ta tana iya faɗa. Wadda nake magana a kanta ko an taka ta ita ce mai ba da haƙuri, in an yabe ta sai ta ce ba haka ba ne, ba ta ɗaga hannu a aji ko ta san amsa, ba ta son a ɗauke ta hoto, komai "ba zan iya ba" tun ba ta gwada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da fargaba suna gaba-gaba. Raina kai shi kaɗai ba cuta ba ce da ake rubuta wa magani, amma hanya ce miƙaƙƙiya zuwa can.

Na san kuna son yaranku, ba don so ba da ba ku kwaso su kun biyo layi tun asuba ba. Abin yi ba shi da yawa:

A daina "dubi wane". Ko ɗan'uwa, ko ɗan maƙwabta, ko ke kanki lokacin da kina yarinya.
Faɗa a ɗaki, ba a gaban baƙi ko ƙanne ba.
A hana sunan tsokana a gidan, babba ya fara dainawa.
A nemo abu ɗaya da yaron ya iya, ko girki ko zane ko gyaran waya ko hadda, a bar masa shi a hannunsa, in ya yi a faɗa ya ji.
In ma'aikacin lafiya ko malami ya tambaye shi, a yi shiru ya amsa da bakinsa ko zai ɗau minti biyar.
Kar a fara da ƙwace waya, a tambaye shi wa ya fi so a abin da yake kallo kuma me ya sa, za ku ji abin da bai taɓa faɗa ba.

In kuma ya kai sati biyu yaro ba walwala, ba bacci ko baccin ya yi yawa, ya daina abin da yake so, ko kun ga tabon yanka a hannunsa, ko ya fara cewa gara ba ya raye, kar a ce neman magana yake, kar a zage shi. A ɗauke maganin ƙwari da na ɓera da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, kar a bar shi shi kaɗai, a kawo shi asibiti ranar. Mu a matakinmu za mu duba mu tura gaba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Kuma in za ku zo, uban ma ya biyo, don sau tari maganar da za mu yi da shi ce.