Waiwaye: Wa ke da alhakin mutanen bakin ruwa?

Kowace shekara, tun kafin damina ta kankama, hukumar NIHSA mai lura da koguna kan fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya za ta shafa. Sai gidajen rediyo su ɗauka: mazauna bakin kogi su tashi su koma tudu. Idan ruwa ya zo ya yi ɓarna, jami'i ya ce ai sun yi gargaɗi, wanda gidansa ya rushe kuma ya ce, "To mu tashi mu je ina?" Wannan jayayya ta girmi yawancin masu yin ta.

A da, zama kusa da ruwa arziki ne. A fadamun Haɗeja da Nguru, cikar kogi ita ke kawo shinkafa da kifi, idan ruwa ya janye a yi noman rani, makiyaya su sauko da shanu. Dattawa sun san iyakar inda ruwa ke kaiwa a shekarar da ya fi yawa, don haka ake kafa gari a kan jigawa, a bar kwari ga gona. Wanda ya yi gini a hanyar ruwa a wancan zamani, shi ya jawo wa kansa, kuma mai unguwa zai faɗa masa haka ido da ido.

Madatsun ruwa ne suka sauya lissafin. Da aka gina Kainji, wadda aka kammala a 1968, gwamnati ta kwashe mutane sama da dubu 40, ta gina musu sababbin matsugunai, ciki har da Sabuwar Bussa. An yi ƙorafi kan tsarin gidajen, amma an kafa hujja guda: wanda ya taɓa kogi shi ke ɗaukar nauyin mutanen kogin. Daga baya aka gina madatsar Tiga a 1974, sai ta Challawa a 1992, dukkansu a kan kogunan da ke kwarara zuwa Haɗeja. Ruwan da a da yake zuwa ya wuce da lokacinsa ya koma gudana har da rani, kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin kogi a yankin Haɗeja. Ruwa ya fara bin inda bai taɓa bi ba. Sanin da manomi ya gada wurin kakansa ya daina yi masa amfani, ba kuma shi ke riƙe da makullin dam ba. Wanda ya taɓa ganin matasan Auyo ko Haɗeja cikin dare, ruwa iya ƙugu, suna miƙa wa juna buhunan ƙasa don ɗaga jinga, ba zai kira mutanen nan masu sakaci ba.

A 1978 dokar filaye ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Wannan doka tana da nauyi a maganar nan fiye da yadda ake ba ta. Gidan da ke tsaye a kan magudanar ruwa a cikin birni, in yana da takarda, wani ne ya sa mata hannu. In ba shi da ita, wani ne ya ga ana aza harsashi ya kau da kai.

A 1982 Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a kan Binuwai. An tsara Najeriya za ta gina tata a Dasin Hausa da ke Adamawa don ta riƙa tare ruwan da aka sako, har yau ba a gina ba. Dam ɗin Bagauda ya fashe a Kano a 1988, ruwan madatsar Alau ya ci Maiduguri a 1994. An kafa asusun kula da muhalli tun 1981, aka kafa hukumar agajin gaggawa ta NEMA a 1999, amma abin da talaka ya fi sani da su shi ne na bayan ɓarna: buhun shinkafa, tabarma, bargo, bandir ɗin kwano. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira biliyan 17.6 na agaji. Bayan shekara goma, a 2022, mamatan sun haura 600. Abuja ta ce jihohi ba su ji gargaɗi ba, jihohi suka ce talakawa ne suka ƙi tashi, ƙwallon ta tsaya a ƙafar wanda ba shi da wanda zai tura wa.

Maiduguri ce ta fi tona asirin wannan jifa da laifi. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumban 2024, shekara 30 bayan ta farko, Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka tsere, dabbobin gidan zoo na Sanda Kyarimi akasarinsu suka mutu. Mutum kusan dubu 400 suka rasa matsuguni. Shin Shehu ma taurin kai ya yi? Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna gab da kogin Ngadda gudun hijira ya kawo su, rikicin Boko Haram ya raba su da ƙauyukansu, suka sauka inda hayar ɗaki ta fi araha. Wasu sun sake tsintar kansu a sansanin Bakassi da aka riga aka rufe. Sai a farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar.

Ba na wanke mu. Ledar ruwa da sharar da ke cushe kwalbati daga gidajenmu suke fitowa. A Kano an cike kududdufai da dama da a da suke shanye ruwan sama, an yanka su filaye, mu kuma muka saya muna murna da araha. Akwai magidancin da ke da halin tashi, ya gwammace ya ce Allah ne mai tsarewa, alhali Annabi (SAW) ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wannan nauyi namu ne, kuma mai unguwa da liman suna iya yi wa mutum magana a kai. Sai dai yashe kwata daban, yashe kogi daban. Magidanci ba ya iya duba tsagewar dam, ba ya iya hana bayar da fili a kwari, ba ya iya samar wa unguwa guda wani wuri a tudu mai rijiya da makaranta da hanyar zuwa gona. Sanarwar da ba ta zo da fili da motar kwashe kaya ba, sauke nauyi ce a baki kawai.

Ranar 29 ga Mayun 2025, da asuba, ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja, mutane sama da 150 suka rasu. Mazauna garin sun shaida wa manema labarai cewa ruwan ya yi kwanaki yana taruwa a bayan tudun wani tsohon layin dogo kafin ya ɓalle. Cikin waɗanda ya tafi da su har da almajiran wata tsangaya, yaran da ba su sayi fili ba, ba su kuma zaɓi inda za su kwana ba.