Rabin Kofin Koko Kafin Tiyata

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocin Legas ya san gargaɗin da nas ke yi da daddare: "Gobe za a shiga da shi tiyata, kada a ba shi komai." Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 kan ce to. Da asuba kuma sai tausayi ya motsa. Uwa ta ga leɓen ɗanta ya bushe, ta ce ai koko ba abinci ba ne, ta ɗura masa rabin kofi a ɓoye. A aikina na jinya na sha ganin haka, kuma na san ƙauna ce ke sa su.

Hajiya, ga abin da ke faruwa a ɗakin tiyata. Mutum in yana farke ya ƙware, nan take zai yi tari ya fitar da abin. Allurar barci tana kwantar da wannan tarin. Abin da ke cikin tumbi na iya tasowa ya gangara huhu, mai shi bai sani ba, kuma yana tafe da ruwan tsamin ciki mai ƙona huhu. Aikin ƙaba da ba ya kai awa guda sai ya zama kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura na yi wa yaro numfashi, dangi na zagaya kasuwa neman gudummawa.

Likitoci ba da ka suka kafa wannan doka ba. A 1946 wani likitan mata a Amurka, Curtis Mendelson, ya bi bayanan haihuwa 44,016, ya samu mata 66 da abin cikinsu ya shiga huhu suna cikin barcin magani. Biyu daga ciki abinci ne ya shaƙe su har lahira. A yau ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci, kuma kunu, fura, koko da shayi mai madara duk abinci ne. Nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, sai fa in likitanku ya faɗi daban. Rubutu ko zamzam ma a tambayi nas lokacin ba da shi.

In kuwa an riga an ba shi, a faɗa. Iyaka a ɗaga aikin, nas ta ɗan yi faɗa.

Haka nan sa'ad da likitan allurar barci ya zo da tambayoyinsa. Malam, ba ɗan sanda ba ne shi. In kana shan tiramadol ko kodin don jure aikin dako ko acaba, ka gaya masa, domin jikin da ya saba da su yakan buƙaci wani lissafin magani daban. Sigari, jiƙe-jiƙen gargajiya, hawan jini, asma, sikila, haƙorin roba, da ɗan uwan da allurar barci ta taɓa ba wahala, duk a ambata. Mai jin nauyin magana a gaban iyaye ya nemi a keɓe, mai ƙarancin Turanci ko Yarabanci ya nemi tafinta.

Fitowa daga tiyata ma ba ƙarshen tsaro ba ne. Wani bincike da aka buga a 2018, kan majinyata 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25 har da Nijeriya, ya nuna kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sun rasu ne bayan ranar aikin. Wato a gadon jinya, inda nas ɗaya ke fama da mutane da yawa, kuma ɗan uwan da ke jinyar mara lafiya ne ke kusa. Numfashi da sauri ko da ƙyar, barcin da ba a iya tashinsa, jini na jiƙa bandeji, zazzaɓi, rashin fitsari: da ganin ɗaya a kira nas, ko ƙarfe biyun dare ne, kada a ce bari gari ya waye.