Auna tsofaffin gine-gine da hasken leza: tambayoyi da amsoshi

Me na'urar awo da leza ke yi idan an girke ta cikin gini?

Tana harba siririn hasken leza, wani madubi na juya shi sama da ƙasa, ita kuma tana zagayawa a kan ƙafafunta uku. Haske ya bugi bango ya dawo, daga nan take lissafa nisa. Kowane bugu ɗigo ne mai matsayinsa. Na'urorin yanzu kan ɗauki ɗigo miliyan guda a daƙiƙa, kuskurensu bai wuce 'yan milimitoci ba a nisan mita goma. Tarin ɗigon nan shi ke fito da siffar ginin a kwamfuta, har da tsagewar bango da inda rufi ya lotsa.

Girkawa ɗaya ta isa?

Ina! Haske ba ya shan kwana. Abin da ke bayan ginshiƙi ko cikin lungun matakala sai ya fito a matsayin rami babu komai. Shi ya sa ake ta sauya mata wuri, ɗaki zuwa ɗaki, a kuma girke ta a bakin kowace ƙofa don ta ga ciki da waje lokaci guda. Kowace ɗauka, wato awon da aka yi daga wuri ɗaya, ta haɗa kamar kashi ɗaya cikin uku da ta kusa da ita. Ana kuma kafa alamomi, fararen ƙwallaye ko takardu masu baƙi da fari, aƙalla uku da ɗauka biyu za su gani tare, kuma kada su jeru a layi ɗaya. Masu safiyo su auna matsayin alamomin daban. In ba haka ba ƙananan kurakurai na taruwa, a zagayo gini a tarar bango ɗaya ya zama biyu. Nan ne aikin gaggawa ke tonuwa.

Me ke ɓata awo?

Gilashi, madubi da ruwa: haske ya ratsa ko ya kauce, sai ɗigo ya bayyana inda babu komai. Baƙin abu mai sheƙi ba ya mayar da haske sosai. Daɓen katako yana motsi idan aka taka, don haka kowa ya tsaya cak har ta gama. Masu wucewa kuwa, da hannu ake goge su daga cikin awon daga baya.

Ya taɓa amfani a zahiri?

Ƙwarai. Masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya auna majami'ar Notre-Dame ta Faris, ya tara ɗigo sama da biliyan guda. Ya rasu a 2018, gobara ta cinye rufinta a Afrilun 2019. Awonsa ya nuna yadda ginin yake kafin wutar.

Yaya ake adana sakamakon?

A ajiye ɗanyen awon yadda ya fito, da kwafi a tsarin E57 wanda manhajoji da yawa ke buɗewa, a wurare biyu dabam-dabam. A haɗa da ranar aiki, sunan na'ura da matsayin alamomi, domin wanda zai sake awo bayan shekara ashirin ya iya gane ko bangon ya ƙara karkata.