Waiwaye: yadda neman ɓoyayyen abu ya koma farautar ƙwaya ɗaya

A 2024 masu gwajin LZ, wata na'urar neman ƙwayar ɓoyayyen abu da ke kusan kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙasa a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka, sun fitar da sakamakon kwana 280 na sa ido, ba su kuma ga ƙwayar da suke nema ba. Amsar da takwarorinta XENONnT a Gran Sasso ta Italiya da PandaX-4T a Jinping ta China suka bayar ke nan. Duk sanda irin wannan sakamako ya fito sai musu ya tashi. Wasu su ce ɓoyayyen abun nan, wato abin da ke da nauyi amma ba ya fitar da haske kuma ba ya tare shi, babu shi tun asali, dokar janyowa ce ke buƙatar gyara. Wasu su ce a dai ƙara girman na'ura. Kowane ɓangare yakan cakuɗa abu biyu daban: hujjar cewa akwai nauyin da ba a gani, da hasashen wace ƙwaya ce ke ɗauke da nauyin. Hujjar ta daɗe. Hasashen kuwa an ƙulla shi ne tsakanin 1980 da 1987, kuma wannan zangon ne aka fi tsallakewa idan ana ba da labari.

Farkon labarin sananne ne. A 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa galaksi, wato garken biliyoyin taurari, da ke cikin tarin Coma suna gudun da ya isa ya tarwatsa tarin, in har nauyinsa bai wuce na abin da ke haske ba. A 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar galaksin Andromeda, daga baya na wasu da dama, aka ga gudun da ke bakin gefe ba ya raguwa yadda lissafi ya ce. Awon rediyo da Albert Bosma ya tattara a 1978 ya kai nesa fiye da inda taurari suka ƙare, labarin bai canza ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 yawancin masana sun yarda akwai nauyin. Abin da ya rage shi ne mene ne shi.

Amsar da ta fi kusa da hannu ita ce nutirino, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya, don an riga an san da shi, ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Ba shi da caji, haske ba ya taɓa shi, kuma lissafi ya nuna akwai kusan 336 na ragowarsa daga farkon halitta a kowane fili mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Da irin wannan yawa, ɗan nauyi kaɗan ya isa. Sai ga shi a 1980 wasu masana a Mosko sun sanar da cewa sun auna nauyinsa, kusan ilektiron-bolt 30 (ilektiron-bolt ma'aunin kuzari ne, da shi kuma ake auna nauyin ƙwayoyi). Adadin ya faɗa daidai inda masu nazarin sararin samaniya ke so.

Awon kansa ya cancanci a dube shi da kyau. Tiritiyom, nau'in haidirojin mai nauyi, idan ya ruɓe yakan zama hiliyom, ya saki ilektiron da nutirino, su biyun su raba kuzari na ilektiron-bolt 18,600. In nutirino yana da nauyi, ilektiron ba zai taɓa kwashe kuzarin duka ba, sai ya gaza da ɗan kaɗan. Wannan ɗan giɓin ake nema. Wahalar ita ce ruɓewar da ke kai wa ilektiron-bolt ɗaya na ƙarshe ba ta fi biyu cikin tiriliyan goma ba. Sannan a gwajin Mosko tiritiyom ɗin yana ɗaure ne cikin wani daskararren sinadari, don haka ilektiron yana zubar da kuzari kafin ya fito, sinadarin ma yana riƙe wani. Ɗan kuskure wajen ƙiyasta waɗannan asarori, ko wajen sanin kaifin na'urar, yakan fito da kamannin nauyi ko da babu shi. Gwaje-gwajen Zurik da Los Alamos da suka biyo baya ba su ga 30 ɗin ba. A 2025 gwajin KATRIN na Jamus ya saukar da iyaka zuwa ƙasa da ilektiron-bolt 0.45, alhali ana buƙatar jimillar nauyin nau'ukan nutirino uku ta kai kusan 11 kafin su cike giɓin.

Amma tun kafin ɗakin gwaji ya yanke hukunci, sama ta riga ta yanke. Ƙwaya mai wannan sauƙi tana gudu kusa da gudun haske a farkon halitta, tana tserewa daga duk wani ƙaramin dunƙule da ya fara taruwa, ta share shi. Abin da ke tsira sai manya ƙwarai, masu nauyin rana kusan sau tiriliyan dubu. Ke nan manyan taruka za su fara samuwa, daga baya su farfashe su ba da galaksi, a makare. A 1983 Simon White da Carlos Frenk da Marc Davis suka gwada wannan a kwamfuta, suka kwatanta da taswirar galaksi kusan 2,400 da aka kammala a Harvard ba da daɗewa ba. Abin bai yi kama ba. In aka sa galaksi suka samu da wuri yadda ake ganin su a nesa, sai cunkosonsu na yau ya wuce wanda ake gani da nisa.

A shekarar dai Marc Aaronson ya auna gudun taurari uku kacal a cikin Draco, wata 'yar ƙaramar galaksi da ke kewaya tamu. Uku ba adadi ba ne da za a kafa hujja a kai, amma awon da aka yi daga baya da taurari masu yawa ya gaskata shi: Draco cike take da ɓoyayyen nauyi. Scott Tremaine da James Gunn kuwa sun riga sun nuna a 1979 cewa akwai iyakar yadda za a iya cusa nutirino a ƙaramin wuri. Kafin ya riƙe irin Draco sai nauyinsa ya kai ɗaruruwan ilektiron-bolt, wanda ya yi wa sauran lissafin yawa.

Nan ne al'amarin ya juya. Ɗan takara ɗaya tilo da aka sani ya faɗi. Abin da sama ta ce kaɗan ne: abun yana tafiya a hankali tun da wuri, ba ya hulɗa da haske, kuma ba ya ruɓewa da sauri. Jim Peebles ya gina hoton a kan haka a 1982, wasu suka faɗaɗa shi a 1984. Game da nauyin ƙwayar, sama ba ta ce komai ba. Filin a buɗe yake, daga aksiyon, wata ƙwaya da ake hasashe da nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ilektiron-bolt ba, har zuwa baƙaƙen ramukan da suka samu a farkon halitta.

To me ya sa WIMP, ƙwaya mai nauyi da ake hasashe, da ke hulɗa ta raunanan ƙarfi (ƙarfin da ke sa irin su tiritiyom ruɓewa), ta cinye filin? Abu uku suka haɗu. Tun 1977 Benjamin Lee da Steven Weinberg sun yi lissafin ragowar ƙwaya mai nauyi: da farko tana haɗuwa da kishiyarta su shafe juna, sai faɗaɗar sarari ta raba su, abin da ya rage ya tsaya a haka. Ƙwaya mai nauyin furoton kusan ɗari, mai hulɗa ta raunanan ƙarfi, tana barin ragowa kusa da adadin da ake buƙata. Kusa, ba daidai ba, amma ya isa ya ja hankali. Sai a 1983 CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ta gano ƙwayoyin W da Z masu ɗauke da raunanan ƙarfin a wannan ma'auni na nauyi, kuma nazarin da ke ba kowace ƙwaya abokiyar tagwaitaka ya riga ya tanadi irin wannan ƙwaya don wani dalili nasa daban. Na ukun shi ne mai ƙarfi: a 1985 Mark Goodman da Edward Witten suka nuna cewa irin wannan ƙwaya za ta iya bugun cibiyar zarra a ɗakin gwaji, a kuma auna girgizar. A 1987 aka fitar da sakamakon farko daga ɗan guntun jamaniyom a mahaƙar Homestake, ramin da LZ ke ciki yau. Wanda ya yar da allura da dare yakan fara dubawa inda fitila ke haskawa, ba laifi ba ne, amma hasken fitila bai faɗi inda allurar take ba.

Aikin da aka yi a wannan hanya na gaske ne. LZ tana da tan bakwai na iskar zenon da aka mayar ruwa a sanyin kusan digiri 100 ƙasa da sifili. Bugu ɗaya yakan ba da walƙiya biyu: ta farko nan take, ta biyu bayan lantarki ya ja ilektiron da suka kuɓuce zuwa iskar da ke saman ruwan. Tazarar lokaci tsakaninsu tana nuna zurfi, girman ɗaya a kan ɗaya yana bambanta bugun cibiya da bugun ilektiron. Abin da ke ɓata aiki shi ne radon da ke fita daga kayan na'urar, da kiripton da ke laɓe cikin zenon, da nutiron da ke kwaikwayon WIMP sak. Shi ya sa ake watsar da abin da ya faru kusa da bango, a riƙe na tsakiya. Kaifin irin waɗannan na'urori ya ninka fiye da sau miliyan tun 1987, har a 2024 XENONnT da PandaX-4T suka fara ganin alamar nutirino daga rana, wanda ba dutse ko ruwan da zai tare shi, kuma bugunsa ya yi kama da na WIMP marar nauyi sosai.

Sauran hanyoyin ma a 1983 aka buɗe su. A shekarar ne Mordehai Milgrom ya kawo shawarar gyara dokar motsi inda janyowa ta yi rauni ƙwarai, shawarar da ke hasashen juyawar galaksi da kyau amma ta gaza a manyan taruka da kuma tsarin tsohon hasken farkon halitta, wanda tauraron ɗan'adam na Planck ya auna ya ba ɓoyayyen abu kusan kashi 27 cikin ɗari, abin da muka saba da shi kusan kashi 5. A shekarar ne kuma Pierre Sikivie ya tsara yadda za a nemi aksiyon da kogon ƙarfe cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Gwajin ADMX a Siyatil yana yin haka, yana murɗa zangon kogon kaɗan-kaɗan, kuma sai a 2018 kaifinsa ya kai ga nau'in aksiyon mafi wuyar kamawa, a ɗan siririn yanki na nauyin da ƙwayar za ta iya kasancewa.