Idan aka yi wa na'urar da ke cikin kan mutum kutse, wace doka ce za ta kama mai laifin?

Jiya da daddare a teburin mai shayi a Unguwar Sarki musu ya kaure, wani ƙanina mai gyaran waya ne ya jawo zancen, wai tunda yanzu ana dasa wa mutane na'ura a ƙwaƙwalwa wadda ake sarrafa ta daga waje ba igiya ba komai, to ranar da ɗan kutse ya shiga kan mutum sai dai a ce Allah ya isa, don babu dokar da ta san da wannan. Na ce masa a'a, dokar akwai, rigar ce dai ba a ɗinka ta don wannan jikin ba.

Abin ba tatsuniya ba ne fa. Tun 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da na'urar da ke rage karkarwar jiki, daga baya aka shiga sa wa masu cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sandarewar jiki. Siraran wayoyi ake zurawa cikin ƙwaƙwalwa, batirin kuma a binne shi a ƙirji ƙasan fata, likita yana zaune da 'yar kwamfutarsa ta hannu yana ƙara wutar ko ragewa. Wannan ƙofar da likita yake bi ita ce matsalar. A 2016 masu bincike a jami'ar Oxford suka yi gargaɗi cewa wanda ya samu shiga zai iya kashe na'urar, ko ya cinye batirin, ko ya canja wutar har ta taɓa motsin mutum da halinsa. A 2017 kuma sai da aka ce a sabunta manhajar na'urorin bugun zuciya kusan 465,000 a Amurka saboda irin wannan ɓaraka. Kai Dick Cheney ma, yana mataimakin shugaban ƙasar Amurka, likitocinsa toshe wannan ƙofa suka yi a tasa na'urar zuciyar a 2007.

To mu dawo gida. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ba ta ambaci ƙwaƙwalwa ba, amma yadda ta fassara kwamfuta da faɗi ne, duk na'urar lantarki mai sarrafa bayanai ko adana su ta shiga. Sashe na 16 ya ce wanda ya canja bayanan da ke cikin kwamfuta da gangan ba da izini ba, ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba ko duka. Sashe na 8 na wanda ya hana ta aiki ne, shekara 2 ko miliyan 5. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma muna da ita nan Kaduna.

Shekara biyu! Ga wanda ya mayar da dattijo ko cokali ba ya iya riƙewa. Ni wannan ne bai kwanta min ba wallahi, dokar injin take gani, ba ta ganin mutumin da injin ke jikinsa. Ɗaurin rai da rai idan an rasa rai yana cikinta a sashe na 5, amma na wanda ya kai hari kan muhimman tsare-tsaren bayanai na ƙasa ne waɗanda shugaban ƙasa ya ayyana. Don haka in an ji wa mutum rauni ko ya mutu, mai gabatar da ƙara sai ya haɗa da dokar final kot ta jihar Kaduna ta 2017, ya tuhume shi da jikkatawa ko kisa, kamar dai da wuƙa ya zo.

Sai bayanan da na'urar ke tarawa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, asibiti ko kamfanin da aka sace su a hannunsa, in abin zai iya cutar da masu su, yana da awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, kuma manyan masu riƙe bayanai tararsu tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, wanda ya fi yawa. Ƙasar Chile ita gaba ta yi, a 2021 ta sa kare bayanan ƙwaƙwalwa cikin tsarin mulkinta. Amurka kuma tun Maris 2023 kamfani ba ya kawo irin wannan na'ura neman izini sai ya nuna yadda zai riƙa toshe ɓaraka bayan an sayar.

Ƙanin nawa ya aje kofi ya ce Yaya, duk wannan a Turai ne, shi abin da yake tsoro 'yar kwamfutar likitan ce, don rabin wayoyin da ake kawo masa gyara lambar buɗe su 1234 ce, kuma masu su da bakinsu suke faɗa masa tun bai tambaya ba.