Dukiyar Duniya da Taskar Sama: Tambayoyin da Masu Bi Ke Yi

Da kaka, in hatsi ya shiga rumbu kuɗi ya shiga hannu, waɗannan tambayoyi kan taso a zumuntar mata da ta matasa a ikilisiyoyin ƙasar Zuru, a jihar Kebbi.

Yesu ya hana mai bi ya yi arziki ne?

Bai hana ba. Farawa 13:2 ta ce Ibrahim mai arziki ne ƙwarai, da dabbobi da azurfa da zinariya. Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya, a gidanta kuwa Bulus ya sauka a Filibi. Yusufu na Arimatiya attajiri ne, a kabarinsa aka sa jikin Ubangiji. Gargaɗin Yesu a Matiyu 6:19-21 a kan wurin ajiya yake: a duniya asu da tsatsa na ɓatawa, ɓarayi na fasawa su kwashe, kuma inda dukiyar mutum take, can zuciyarsa za ta zauna.

Mu da ke neman na yau da ƙyar, ina ruwanmu da wannan magana?

Talaka ma yana da abin da ya ɗora wa rai. Kuma ba a koya wa mutumin Kebbi yadda abin hannu ke tafiya. A daminar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a fadamomin Argungu da Birnin Kebbi, mutane suka tashi da bashin taki ba ko buhu ɗaya. A Danko-Wasagu da Sakaba, 'yan bindiga sun sha kore garken da aka yi shekaru ana tarawa a dare guda. A farkon 2023, da aka canja takardun naira, wanda ya ɓoye kuɗinsa a ɗaki ya wayi gari yana roƙon a karɓa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na Zamfara. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma, saboda a cikin gidaje ake niƙa duwatsun zinariya. Iyayen nan talauci ne ya tura su, ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Duk da haka, ƙasar da ta ba da zinariya ita ta ba da gubar. Shi ya sa Bulus ya ce wa Timoti ya gargaɗi mutane kada su sa begensu ga dukiya marar tabbas.

To yaya ake tara dukiya a sama?

Da abin da ke hannunka yanzu. A 1 Timoti 6:18-19 an faɗa sarai: mai hali ya yawaita aikin alheri, ya sake hannu, ta haka yake aza wa kansa harsashi domin gaba. A Matiyu 25 Yesu ya ambaci mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku, ya ce abin da aka yi musu, shi aka yi wa. Iyalin da rikici ya koro daga ƙauye suka sauka a makwabtanku, su ne baƙon. Yawa kuma ba shi ne ma'auni ba, don gwauruwar da ta jefa 'yan anini biyu a baitulmalin Haikali, Yesu ya ce ta fi attajirai bayarwa.

Ashe ke nan da ayyuka ake sayen ceto?

A'a. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta wurin alheri ne, kyautar Allah ce. Lada kuwa na wanda aka riga aka cece shi ne, kuma 1 Korintiyawa 3 ta ce wuta za ta gwada aikin kowa.

Masu cewa "ka shuka iri, Allah zai ninka maka" fa?

Ina jin tsoron wannan koyarwa, 'yan'uwa. Tana mai da baiko jari, tana sa matalauci mai aminci ya ɗauka bangaskiyarsa ce ta gaza. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sami baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya (Ayyukan Manzanni 8:20). Bulus kuwa daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa. Ka ba da zakkarka da baikonka don godiya. In mai wa'azi ya sa wa addu'arsa farashi, ka riƙe kuɗinka.

In daina ajiya da shirin gobe ke nan?

Kada ka daina. Yusufu ɗan Yakubu ya tara hatsi shekara 7 a Masar, ya ceci ƙasashe daga yunwa, Bulus kuma ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Manomin da ke Luka 12, wanda ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, noma bai zama masa laifi ba. Duba maganarsa: amfanina, rumbunana, raina. Ba Allah a ciki, ba makwabci. A daren ne aka nemi ransa.

Ka yi nomanka, ka biya kuɗin makarantar yara, ka shiga adashi in kana so. Amma ka ware rabon mabukata tun a masussuka, kafin a ɗinke buhuna. Ko Isra'ilawa an umarce su a Littafin Firistoci 19:9-10 kada su girbe gona har gefe, kada kuma su koma kala, su bar wa matalauci da baƙo.